Honarabul Bakwai, Kujera Huɗu

Daga Kakuri da Makera har zuwa Mahuta, idan za a yi biki kuma ana son Turanci da Hausa su fito daga baki ɗaya ba tare da sun yi karo ba, Malam Benson ake nema ya riƙe makirfo. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da Turanci a sakandare kafin ya yi ritaya, kuma ya fi shekara ashirin yana emsi a bukukuwan mutanen cocinsu da na ƙungiyar garinsu. Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: kada Allah ya sa wata kalma ta burge shi a tsakiyar taro. Yana da wani tsohon ƙamus mai nauyin bulo da ya kusa haddacewa, kuma a ganinsa kowace kalma tana da iyaye da kakanni da ya kamata a tsaya a gaishe su. An taɓa yin bikin da ya tsaya bayanin asalin sunan kek har sukarin kansa ya fara zubowa a kan tebur. Tun daga ranar matarsa Rebecca take zama a layin gaba, da ta ga ya gyara tabarau sai ta yi tari, shi kuma sai ya haɗiye sauran.

A shekarar da soja suka koma bariki, 1999, wata kalmar Turanci ta cika garin. Honourable ake rubutawa, Honarabul ake faɗa. Kansila Honarabul ne, ɗan majalisa Honarabul ne, wanda ya taɓa yin kansila a wani zaɓe da soja suka shirya suka kuma rushe, shi ma ya kakkaɓe tasa ya dawo da ita. Har wanda ya tsaya takara ya sha ƙasa bai yarda ya ajiye ba, tunda ya riga ya buga ta a fosta. Malam Benson yana jin kalmar tana yawo a kan achaba da cikin mashaya, abin yana ci masa rai, amma bai taɓa cewa uffan a makirfo ba. Yana son makirfo fiye da yadda zai yarda ya faɗa. Tun da ya bar aji, nan ne kaɗai mutane suke yin shiru idan ya buɗe baki.

A watan Oktoba aka sa bikin Judith, 'yar amininsa marigayi Samson. Tare suka zo Kaduna daga ƙauye a bayan motar doya, shi ya shiga koyarwa, Samson ya shiga masaƙa a Kakuri ya yi ta shaƙar auduga har ƙirjinsa ya gaji. Ranar ƙarshe da Malam Benson ya je duba shi a asibiti, shekara tara ke nan, Samson ya kama hannunsa ya ce, “Ranar auren Judith kai za ka riƙe abin nan naka. Ka zaunar da uwarta a sama, inda kowa zai gan ta. Ka san halinta, in ba ka kira ta ba a bayan tukunya za ta ƙare.” Malam Benson ya ce ya ji, har ya yi masa faɗan yawan maganar mutuwa.

Uwar ita ce Martha, wadda kowa ke kira Maman Judith. Da tuwo da miyar da take sayarwa a bakin ƙofar masaƙar ta kai yarinyar har makarantar aikin jinya.

Ranar Alhamis kafin bikin, Mista Wilson ya zo gidan Malam Benson da takarda a hannu. Shi ne kawun ango kuma shugaban kwamitin biki, ma'aikacin gwamnati ne da ya ƙware wajen sanin wanda ya kamata a gaisar da hannu biyu.

“Ticha, ga list ɗin babban tebur,” in ji shi. “Kujera takwas ce, don dandamalin ba zai ɗauki tara ba, kafinta ya ce katakon zai karye. Fasto, baban ango, maman ango. Sauran biyar na Honarabul ne.”

Malam Benson ya duba takardar sama da ƙasa, ya juya bayanta. “Ina uwar amarya?”

“Da ma huɗu muka ware wa manyan baƙi, sai biyar suka amsa. Wa zan ce wa ya zauna a benci? Mun yi magana da ita, ta ce ba komai. Ai ka san ta, ita hankalinta na wajen girki.” Ya matso ya rage murya. “Kuma Honarabul Daniel yana neman wanda zai riƙa yi masa emsi a duk taronsa. Na ba shi sunanka. Abeg, Ticha, kada ka ɓata mana.”

Daniel shi ne sabon kansilan unguwar, tsohon ɗalibin Malam Benson, wanda kafin zaɓe yake sayar da kayan gyaran mota. Malam Benson ya so ya ce wani abu mai zafi. Maimakon haka sai ya ji bakinsa ya ce, “To, za mu gani.” Bayan Mista Wilson ya fita, ya daɗe zaune yana jin kunyar kansa, don a gaskiya maganar taron kansila ta yi masa daɗi.

Washegari ya bi ta gidan Maman Judith. Tsakar gidan cike yake da matan zumuntar coci suna yankan albasa da tsintar shinkafa. Ta shigar da shi ɗaki don ta ba shi ruwa, a nan ya ga leshi ruwan zuma an goge an shimfiɗa a kan gado, ga ɗankwalinsa, ga kuma wasu takalma masu ɗan tsini a cikin kwalinsu, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Ta ga inda idonsa ya tsaya sai ta yi sauri ta rufe kwalin.

“Maman Judith, an ce kin ce ba komai.”

“To me zan ce, Ticha? Dangin miji ne. Kada yarinya ta shiga gidansu da rigimata a kanta.” Ta yi 'yar dariya. “Takalman ma matse ni suke yi. Gara da aka hutar da ni.”

Ya san ƙarya take yi. Mace ba ta sayen takalmi karo na farko cikin shekara tara don ta tsaya da shi a bakin murhu.

Ranar Asabar da safe, yana ɗaura nakatayal, ya ce wa matarsa, “Rebecca, yau kada ki yi tari.”

Ta dube shi. “Ko me ya faru?”

“Ko mura ce ta kama ki.”

Bayan an ɗaura aure a coci aka fito filin makarantar firamare da ke gefe, inda aka kafa rumfuna. Ƙarfe biyu na rana ne, zafin Oktoba irin wanda ke zuwa bayan ruwa ya ɗauke. Babban tebur yana can kan dandamali da farin kyalle da furen roba, kujeru takwas masu kushin a jere. Honarabul kuwa ba biyar suka zo ba, bakwai ne, don biyu sun ji labari a hanya sun biyo abokansu. Mista Wilson yana ta gumi yana raɗa wa Malam Benson cewa ko dai a sauke iyayen ango, ko a roƙi Fasto ya yi addu'a ya tafi.

To, akwai yadda ake yin abin nan, kuma kowa a filin ya sani. Emsi ne ke kiran babban baƙo da cikakken muƙaminsa, matan zumunta su rako shi da waƙa har gaban dandamali, ya tsaya ya fuskanci jama'a a tafa masa. Ba ya hawa sai emsi ya nuna masa kujerarsa. Wanda ya hau da kansa ya zama kamar bai samu gayyata ba, kuma babu Honarabul ɗin da zai yarda ya zauna kafin ya ga inda aka ajiye ɗan'uwansa. Akwai kuma abu na biyu da Malam Benson ya sani daga shekara ashirin na riƙe makirfo: babban mutum ba ya da biki ɗaya ranar Asabar. Yana da uku ko huɗu, a kowanne zai zauna minti ashirin, a ambace shi, ya ci cinyar kaza ya wuce.

Ya zaunar da Fasto. Ya zaunar da baban ango da maman ango. Sannan ya fara kiran Honarabul ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shekararsa: na tamanin da uku, wanda soja suka sallama wata uku bayan rantsuwa, na casa'in da ɗaya, na casa'in da bakwai, wanda aka zaɓa amma majalisar ba ta taɓa zama ba, da sauransu har zuwa Daniel. Matan zumunta suka rako su, suka jeru su bakwai a gaban dandamali, daidai inda inuwar rumfa ta ƙare, cikin manyan riguna da kwat. Aka tafa. Kowanne ya ɗaga hannu irin na kamfen.

Sai Malam Benson ya gyara tabarau.

Wani nishi ya tashi daga bencunan baya. Duk idanu suka koma kan Rebecca. Ita kuwa ta buɗe jakarta ta ɗauko mafici ta fara fifita.

“Jama'a,” in ji shi, “kafin mu zaunar da waɗannan bayin Allah, ya kamata mu san abin da muke zaunarwa. Wannan kalma, Honourable, ba 'yar Ingila ba ce ma tun asali. Daga Latin ta fito, ta yada zango a Faransa, ta haye ruwa ta shiga Turanci fiye da shekara ɗari shida da suka wuce. Da ta iso, ma'anarta ɗaya ce tak, wato mutumin da ya cancanci a girmama shi. Ba a zaɓe, ba a rantsuwa, ba a fosta. Maƙwabtanka ne za su dube ka su faɗa, ko su ƙi faɗa.”

Honarabul suka gyaɗa kai suna murmushi. Sun ɗauka kirari ne ya fara.

“Daga baya sai masu sarauta suka ga tana da kyau, suka ɗauke ta suka kai gida. Ta zama abin gado. Idan ubanka mai sarauta ne, ranar da aka haife ka kana tsala kuka kana jiƙa zanin unguwarzoma, kai Honourable ne. Ko me ka zama daga baya, ko ɗan caca, ko mashayi, tana manne da kai. Ina fatan ana bi na.”

Ya bi ta kan alƙalai. Ya shiga majalisar Ingila, inda ya ce ba a kiran ɗan majalisa da sunansa a zaure sai dai a ce Honourable mai wakiltar wuri kaza, don haka mutum zai iya zagin ɗan'uwansa tas cikin ladabi. Ya ce idan soja ya gama aiki ba tare da ya yi abin kunya ba, takardar sallamarsa ma wannan kalmar take ɗauke da ita. A nan wani tsoho daga baya ya ce, “Namu fa?” Filin ya ɗauki dariya.

Minti goma sha biyar. Honarabul na casa'in da ɗaya ya duba agogo sau uku, ya ɗaga wa direbansa gira, ya sulale ta gefen rumfa kamar mai neman bayi. Yana da ƙaddamar da kalanda a Sabon Tasha.

Mista Wilson ya zo ya ja wa Malam Benson gefen kwat. “Ticha, lokaci!”

“Ana maganar shekara ɗari shida, Mista Wilson,” in ji shi a cikin makirfo. “Minti nawa muka ci?”

Ya ci gaba. Ya ce idan aka yi gasa mutum bai zo na ɗaya ba, bai zo na biyu ba, bai zo na uku ba, amma ana jin tausayinsa, Turawa sukan ambace shi da wannan kalma don kada ya koma gida yana kuka. Bai dubi kowa ba da ya faɗi haka, amma wanda ya sha ƙasa a zaɓe ya ji a jikinsa, ya gyara hula ya bi hanyar mota. Ya ce idan saurayi yana zuwa zance da niyyar aure ba da niyyar ɓarna ba, niyyarsa ma haka ake kiranta, ya juya ya yaba wa ango, aka yi guɗa. Cikin guɗar, Honarabul na uku ya ɓace.

Malam Benson ya ƙirga da ido. Saura huɗu. Kujeru biyar ne babu kowa a sama. Aikin da ya zo yi ya kammala, kuma da yana da hankali a nan zai tsaya.

Amma bai kai kan kamfanin ba. Akwai wani kamfanin 'yan kasuwar Ingila da ya mallaki Indiya da bindiga da sikeli, kuma a takardunsa Honourable yake kiran kansa. Shekara nawa Malam Benson yana ɗauke da wannan labari a ciki ba wanda ya bari ya fitar! Ga mutum ɗari uku zaune, ga Rebecca ba ta tari. Gaskiyar magana ita ce daɗi ya kwashe shi, ya manta da Samson, ya manta da kujera, ya shiga Indiya da ƙafar dama.

Mista Wilson ya ruga ya sa aka kashe janareto. Makirfo ya mutu. Malam Benson ya dube shi, ya ajiye shi a kan tebur, ya buɗe muryar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana kai ta bencin ƙarshe na aji mai yara saba'in. Har masu sayar da rake a bakin titi suna ji.

“Abu na ƙarshe,” in ji shi, bayan ya faɗi haka sau biyu a baya. “A can inda aka raini kalmar, a bayan ambulan ɗin wasiƙa ake rubuta ta. Ba a kiran mutum da ita a fuskarsa. Kuma duk rashin kunyar mutum, ba ya buɗe baki ya ce ni ne Honourable wane. Mu kuwa da muka karɓo ta, muka ga ai ɓarna ce a bar ta a kan takarda.”

Da ya waiwaya, mutum ɗaya ya rage a rana. Daniel ne, babbar rigarsa ta jiƙe ta manne masa a baya. Shi ba shi da inda za shi, don ƙuri'unsa ne zaune a kan bencunan nan.

“Daniel, ba ka gaji ba?”

“Sa, ai na saba,” in ji kansila. “Shekara biyar na yi a tsaye a ajinka.”

Aka yi dariya har da Fasto. Malam Benson ya nuna masa kujerar ƙarshe ta gefe, ya hau ya zauna ya shanye ruwan kwalba ɗaya ba tare da ya sauke ba. Kallon da ya yi wa tsohon malaminsa ya isa amsa a kan maganar emsi. Mista Wilson kuwa yana tsaye ya dafe kai, yana lissafin ofisoshi shida da zai je ba da haƙuri ranar Litinin.

Sai a lokacin Malam Benson ya tuna abin da ya kawo shi. Ya cire tabarau ya sa a aljihu.

“Saura mutum ɗaya,” in ji shi. “Ba ta da muƙami. Matar Samson ce, wanda ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙa. Ita ta haifi amaryar nan, ita ta raine ta. Zumunta, ku je bayan aji wajen girki ku ɗauko mana Maman Judith.”

Matan suka tashi gaba ɗaya, har waɗanda ba sa cikin masu waƙa. Da suka dawo da ita tana tsakiyarsu, tsohon zani ɗaure a kan leshin, silifa a ƙafa, idonta ja saboda hayaƙi. A hannunta akwai baƙar leda. Ashe ta zo da takalman.

A gindin dandamali ta tsaya. Ta kwance tsohon zanin ta miƙa wa wata. Ta zauna a kan matakala ta ciro takalman, ta sa na dama, ta sa na hagu, ta ɗaura maɗaurin a hankali. Mutanen da suka yi kusan awa guda suna tsaki saboda yunwa, babu wanda ya ce ta yi sauri. Judith ta taso daga wajen ango da farar rigarta tana jan ƙasa, ta kama hannun uwarta ta hau da ita, kwalliyar fuskarta duk ta lalace.

Da za ta wuce Malam Benson, Maman Judith ta ce masa ƙasa-ƙasa, “Ticha, surutunka ya sa shinkafata ta huce.”

Ta zauna a tsakiyar tebur, kusa da maman ango. Mista Wilson, wanda ba ya iya ganin kujera mai kushin babu kowa, ya fara yafito wasu dangi su hau su cike gurbi. Biyu suka hau. Na uku ya kama kujerar da ke hannun daman Maman Judith zai ja, sai ta ɗora tafinta a kai.

“Wannan da mai ita,” in ji ta. “Ta Samson ce.”

Mutumin ya saki ya sauka. Aka tayar da janareto, makirfo ya yi ƙara ya dawo. Abin da ke gaba a takarda shi ne addu'ar buɗe taro, layi ɗaya ne kawai emsi zai faɗa. Malam Benson ya ɗauki makirfo ya kai baki, ya dubi kujerar, ya buɗe baki ya rufe. Ya sake gwadawa, babu abin da ya fito. A layin gaba Rebecca ta ajiye mafici, ta taso ta zare makirfon daga hannunsa ta miƙa wa Fasto, ta ja mijinta zuwa benci ta zaunar da shi.